Kafin a kwance maka famfo: yadda nake bin ciwon injin Hilux mai shan gas

Yawancin Hilux da ke yawo a titunan Najeriya na fetur ne, shi ya sa hannun makanikanmu ya fi faɗawa a kan injin fetur. Ranar da ka kai musu mai shan gas, wato dizal, tana tuƙa baƙin hayaƙi ko tana gardamar tashi da safe, abin da za ka fara ji shi ne "famfo ne" ko "nozul ne". A nan kuɗin mutane ke zurarewa. Famfon da ke tura mai da matsi, da nozul da ke fesa shi cikin inji, suna cikin mafi tsada a jikin injin gas, su ne mafi saurin lalacewa a hannun wanda bai san su ba, kuma su ne na ƙarshe da ya kamata a ɗora wa sifana. Ni da nake lodin hatsi da taki tsakanin kasuwannin ƙauye da Dawanau, abin da na gani a motata da motocin abokan sana'a shi ne ciwon yana shigowa ne ta ƙofa uku: man da ka zuba, iskar da inji ya shaƙa, da ruwan da ke sanyaya shi. Duk ukun kana iya duba su da kanka a ƙofar gida.

Injin gas ba shi da fulogi. Fiston ne ke matse iska har zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ta feso mai, ya kama da kansa. A injin 5L ana matse iskar ninki 22 da ɗoriya, kusan biyun na injin fetur. Shi ya sa yake son batir mai ƙarfi, shi ya sa yake da nauyi, shi ya sa kuma ɗan abin da ya rage masa iska ko ya gurɓata masa mai yake nunawa nan take a salansa.

Amma kafin komai, san injin da ke cikin motarka, domin dabarar da ke tayar da wani ita ce ke kashe wani. Akwai tsofaffin 'yan gidan L: 2L mai lita 2.4, 3L mai lita 2.8, da 5L mai lita 3.0. Waɗannan famfonsu ne ke raba wa kowace nozul mai ta bututunta, ba su da sauri amma akwai juriya. Sai 'yan gidan KD, wato 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0, waɗanda suka yaɗu da Hilux Vigo daga 2005, za ka ga an rubuta D-4D a jikin motar. Daga 2015 kuma aka shigo da 2GD mai lita 2.4 da 1GD mai lita 2.8. KD da GD suna da tabo, wato fankar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji ƙarin iska, kuma famfonsu yana tara mai ne a bututu guda, kwamon rel, da matsin da ya haura 1,000 a ma'aunin matsi na bar, nesa ba kusa ba, kwamfuta ce ke buɗe kowace nozul. Sunan injin yana rubuce a farantin da ke cikin bonet ko a jikin ƙofar direba. Karanta shi, ka riƙe shi a ka, da shi za ka sayi kowane kaya a Ƙofar Ruwa ko Fanteka.

Mai, da abin da ke zuwa tare da shi

Man gas ba konewa kaɗai yake yi ba. Shi ne ke shafa wa cikin famfo da allurar nozul maiƙo, babu wani baƙin mai da ke kaiwa can. To ka duba abin da zai faru in an sirka shi da kalanzir, wanda ba shi da wannan santsin, ko in ruwa ya biyo shi. Ƙarfe na cin ƙarfe, tsatsa na kama allura, kuma a injin kwamon rel ɓurɓushin ƙarfen da famfo ya ci yakan bi bututu ya shiga nozul huɗun gaba ɗaya. Tsohon 5L yakan haƙura ya yi ta tafiya da tari. 2KD ba ya haƙura.

Ba na cewa duk man 'yan bumburutu gurɓatacce ne, wani lokacin a ƙauye su kaɗai ne mafita. Amma in dole ta sa, kada a juye maka daga jarka kai tsaye. A bar jarkar ta zauna, a tace da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari, kuma a bar na ƙasan, domin ruwa ya fi gas nauyi, can yake kwanciya. A gidan mai ma, in ka tarar tanka na sauke kaya, wuce gaba ko ka dawo anjima, lokacin ne duk dattin ƙasan rijiyarsu yake tasowa. Kuma ka saba kwana da tanki a cike ko kusa da cika, musamman da damina: iskar da ke cikin tankin da babu mai tana yin raɓa da dare, raɓar ta gangara ƙasa.

A ƙasan filtar mai akwai ɗan mariƙi na roba, yawanci da waya a jikinsa. Wurin tara ruwa ke nan. A saman filtar kuma akwai famfon hannu, wani baƙin maɓalli mai faɗi da ake dannawa da tafin hannu. Ga yadda nake yi. Inji a kashe, na samo kwalba fara wadda ake ganin cikinta, na tara a ƙasa, na murɗa mariƙin sau biyu zuwa biyu da rabi da yatsu, ba da filaya ba, don robar na saurin tsagewa. Sai na dinga danna famfon hannu har mai ya fara zuba. In na tara kamar rabin kofi sai na ɗaure, na ajiye kwalbar a kan bonet na ɗan jira. Mai lafiya za ka gan shi garau, kala ɗaya daga sama har ƙasa. In akwai ruwa, za ka ga ƙwallaye suna gangarawa suna haɗuwa a gindin kwalbar, layi ya fito sarai tsakaninsu da man, wani lokacin da jan gari na tsatsa ko wani baƙin yauƙi a kan layin. Wannan yauƙin ƙwayoyin cuta ne da ke rayuwa a inda ruwa ya haɗu da gas, kuma in ka gan shi, canza filta kaɗai ba zai wadatar ba, sai an sauke tanki an wanke. Bayan ka ɗaure mariƙin, ci gaba da danna famfon hannu har ya yi tauri, sannan ka tayar.

Akwai wuta a dashbod mai hoton filta. A Vigo da na bayanta, in tana ƙiftawa ruwa ne ya taru, tsaya ka zubar. In ta kama ta tsaya cak, filtar ce ta toshe. Na ga motoci da yawa da aka cire wa wayar nan wai tana damun direba. Don Allah in an cire a taka, a mayar.

Filtar mai da ta fara toshewa tana da alamarta. Mota za ta tashi lafiya, ta yi silo lafiya, ta yi yawo cikin gari lafiya, amma da ka ɗauki kaya ka doshi hawa, ko ka taka za ka wuce tirela, sai ta shaƙe kamar an riƙe ta ta baya, ka ɗaga ƙafa ta dawo daidai. Mutum ya ji haka sai hankalinsa ya tafi kan famfo, alhali abin da ke gabansa filta ce. Ni ina ajiye sabuwa ɗaya a bayan kujera kullum. Wajen saye kuwa araha ba ta ado: jabun filta kwalinta ya fi na gaske sheƙi, amma takardar cikinta ba ta tare ƙananan ƙwayoyin da ke cinye nozul. Wajen ɗaurawa kuma, kada yaron gareji ya cika sabuwar filta da man cikin bokiti don ta yi saurin tashi, wannan man ba a tace shi ba zai wuce famfo. A ɗaura ta a bushe, a cika ta da famfon hannu.

In ta ƙi tashi

Fara da kunnenka. In ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas ko inji na juyawa da kyar, maganar wuta ce, ba ta mai ba. Batir mai lafiya da ya kwana yana nuna wajen bolt 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.5, in ya yi ƙasa da haka sosai a duba altaneta. Kafin ka yanke wa batir hukunci, kwance kawunansa ka goge farin garin nan, ka bi wayar da ta tafi jikin inji da bodi ka tabbatar a ɗaure take. Injin gas in bai juya da sauri ba iskar ba ta yin zafin da mai zai kama, ko da komai nasa lafiya lau.

In yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, leƙa salansa yayin da wani ke murɗa makulli. Babu hayaƙi ko kaɗan? To mai ba ya isa silinda. Je ka danna famfon hannu. In ka ji shi laushi, yana shiga ba turjiya, iska ta shiga layin mai ko tanki ya ƙare. Danna har ya yi tauri ka sake gwadawa. Motar da kullum da safe sai an yi mata haka, amma da rana tana tashi bugu ɗaya, tana zuƙar iska ne ta wani wuri, mai na komawa tanki cikin dare. Bi tiyo-tiyon roba daga filta zuwa famfo, nemi wanda ya tsattsage ko kilif ɗinsa ya saki, duba robar bakin filta, kuma kada ka manta shi kansa famfon hannun yakan tsufa ya dinga shan iska. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne wurin ba ya ɗigar da mai, domin ɓangaren zuƙa ne. In an sa guntun tiyo fari wanda ake ganin cikinsa kafin famfo, za ka ga kumfa na wucewa da idonka.

A tsohon injin L akwai kuma ɗan maganaɗisu a jikin famfo mai waya ɗaya, shi ke buɗe wa mai hanya in an kunna makulli, shi ke kashe inji in an kashe. Sa wani ya kunna, kai ka kasa kunne: ya kamata ka ji ƙas. In shiru, duba fis da wayar kafin komai.

In kuwa farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas na fita amma inji bai kama ba, ko ya kama yana karkarwa sai ya ɗumama ya daidaita, mai na zuwa, zafi ne ya yi ƙaranci. Nan ake zargin hita, wato 'yan ƙarafan da ke ɗumama ɗakin ƙonewa kafin inji ya tashi. Da bazara ba za ka san hita ta mutu ba, sai hunturu ya shigo, ko ka kwana a Jos. Injinan L sun fi dogara da ita saboda yadda aka ƙera ɗakin ƙonewarsu. Kunna makulli ka jira wutar nan mai kama da nannaɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin ka tayar. Mai gyaran wuta zai auna hita huɗun ɗaya bayan ɗaya da mita cikin 'yan mintuna, ya duba rile ɗinta. In biyu sun mutu, canza duka.

Abin da nake roƙo a daina shi ne fesa maganin sauro ko tura tsumman fetur a bakin shaƙar iska. Zai tashi, gaskiya ne. Amma abin yana kamawa tun fiston bai kai sama ba, ga hita da zafi, dukan da yake yi yana karya ringi yana fasa kan fiston, kuma bai gyara abin da ya hana motar tashi ba. Haka ma riƙe makulli ana ta kik ba hutawa: daƙiƙa goma zuwa sha biyar, a saki, a ba sitata rabin minti ta huce.

Wani abin kuma ya shafi rai, ba aljihu kaɗai ba. A injin L makanikai sukan sassauta notin bututun nozul don fitar da iska, ko don gano silindar da ba ta aiki, kuma daidai ne a can. A KD da GD haram ne a yi haka inji na juyawa. Man da ke fita da wannan matsin yana huda fata ya shiga nama, raunin ya yi kama da ɗan tsinin ƙaya amma yana iya kai mutum ga rasa yatsa ko hannu. Kada ka bi bututun nan da hannu kana neman inda ke ɗiga. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita man gas ne ya shige shi da ƙarfi.

Iska da hayaƙi

Baƙin hayaƙi ma'anarsa mai ya fi iska yawa. Kafin a ce nozul ce ke zubar da mai, a tambaya ko iskar ce ta ragu. Buɗe tukunyar iyakilina, wato gidan filtar iska. Da hunturu, in ka bi hanyar burji kwana biyu, za ka zaro filtar ka ga ta koma ja, in ka ɗan buga ta a tafin hannu gari ya zubo. Ana iya hura ta da iska, amma daga ciki zuwa waje, kuma a hankali, don iskar mai faci in an matsa ta kusa tana yaga takardar. Bayan nan ɗaga ta saitin rana ka leƙa ta ciki: in ka ga ɗigon haske ko ɗaya, ta gama aiki. Sa yatsa kuma ka shafa cikin bututun da ya wuce filta zuwa inji. Ya kamata ya fito tas. In ya fito da ƙura, to ƙasa na shiga injinka, ko ta yagaggiyar filta ko ta murfin da bai zauna ba, kuma ƙasa ita ce ke cinye ringi da fukafukan tabo. Kada a wanke filtar takarda da ruwa ko fetur, kada kuma a yi tafiya babu ita ko da zuwa bakin titi ne.

A masu tabo, bi manyan tiyo daga tabo zuwa intakula, mai sanyaya iskar, zuwa inji. Wanda ya tsage zai yi jiƙe-jiƙen baƙin mai a wurin, kuma za ka ji huci in ka taka totur. Sai bawul ɗin EGR da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji: a motar da ta daɗe tana yawon cikin gari, toka da tururin baƙin mai sukan haɗu su toshe wuyan shaƙar iska har ya rage ƙaramar kafa. A kwance a wanke a waje, kada a kankare dattin ya faɗa cikin inji.

Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, ko ta ringi ko ta tabo. Gwaji mai sauƙi: inji ya yi zafi yana silo, sassauta murfin zuba baƙin mai ka bar shi a bakin ramin. In yana ɗan rawa, ba komai. In hucin na cilla shi sama hayaƙi na bulbulowa, matsi na zurarewa ta gefen fiston, a je a auna. Farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, wannan gaskit ɗin kan inji ne ya ci, ko kan injin ya tsage.

Da damina, san inda bakin shaƙar iskar motarka yake kafin ka faɗa kwazazzabo. Ruwa ba ya matsuwa. In inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada ka sake murɗa makulli, a jawo motar, a zare hita ko nozul a fitar da ruwan tukuna. Kik ɗaya ya isa ya lanƙwasa kwanrod, sandar da ke riƙe da fiston.

Zafi

Nan ne nake yawan saɓawa da makanikai. Al'ada ce a garejinmu a cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har inji ya ɗumama, a yar, wai don ƙasar Turawa aka yi shi. Injin gas an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. In ya yi ta yawo a ƙasa da haka, mai ba ya ƙonewa sarai, yana wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, toka na taruwa, shan mai na ƙaruwa. A injina da yawa kuma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, in babu shi wani ruwan ba ya ma bi ta lagireto. Motar da ke zafi akwai dalilinta: lagireto ya toshe ta ciki da gishirin ruwan rijiya, ko ta waje da ƙaiƙayi da ƙwari da laka, ko murfinsa ya daina riƙe matsi, ko kulocin fanka ya saki, ko fanbel ya yi sako-sako. Murfin nan da ake rainawa shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Kulocin fanka kuma, in inji ya yi zafi ka kashe shi, ka juya fankar da hannu ka ji tana wulwulawa ba turjiya, ya mutu.

Zuba ruwan sanyaya inji na gaske, ja ko ruwan hoda irin wanda Toyota ke sa wa, ba ruwan rijiya ko na leda ba, domin maganin tsatsa ne a cikinsa. In allura ta haura a hanya, sauka gefe. In ruwa bai zube ba kuma fanka na juyawa, bar shi ya yi silo ya sauko. In tururi na tashi ko tiyo ya fashe, kashe. Kada ka buɗe murfi da zafi, kada ka sheƙa wa inji ruwan sanyi, kan injinan L musamman yana saurin tsagewa. Da safe kafin ka tayar, buɗe murfin lagireto, tayar, ka zuba ido: kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa alamar gaskit ne. Haka in gejin baƙin mai ya fito da kalar shayi da madara.

Baƙin mai, tabo da bel

Baƙin man injin gas yana yin baƙi ƙirin kwana kaɗan bayan juye, wannan ba laifi ba ne, toka yake kwashewa. Kada ka auna shi da kala, auna shi da tafiya. A ƙurarmu da lodinmu, ni kilomita 5,000 nake juye, da sabuwar filta kowane karo. Nemi wanda aka rubuta wa API da harafin C, kamar CH-4 ko CI-4, 15W-40 ya dace da L da KD a zafinmu. GD yana son mai ruwa-ruwa, bi abin da littafinsa ya ce, musamman in motar ta zo da matatar toka a salansa. Duba geji kowace safiya a wuri mai daidai. In ka ga mai na ƙaruwa maimakon raguwa, sunsuna shi: gas ne ke sauka ciki, kuma ba a tafiya da shi haka.

Masu KD, musamman 1KD, ku riƙe wannan. A ƙarƙashin kowace nozul akwai washa da ke toshe wutar silinda. In ta ci, hayaƙi na haurowa ya dafa baƙin mai ya zama gawayi, gawayin ya gangara ya toshe ragar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta cikinta, inji ya buga alhali geji na nuna mai a cike. Ranar juye, bayan mai ya tsane, a haska tocila ta ramin noti a leƙa ragar. In an ga baƙaƙen dunƙule a jikinta, a sauke kwanon ƙasa a wanke, a canza washa huɗun. In wutar baƙin mai ta kama kana tafiya kuwa, kashe inji a inda kake.

Tabo na juyawa sama da sau 100,000 a minti, baƙin mai ne kaɗai ke riƙe da shi. Da safe ba shi ɗan lokaci kafin ka taka, in ka sha doguwar tafiya da kaya kuma bar shi ya yi silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe. Ɗabi'ar taka totur sau biyu sannan a kashe makulli, tabo take ci. In tabo ya lalace sosai yakan tura baƙin mai cikin inji, inji ya kama shan sa a matsayin mai, ya yi ta ƙara gudu da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, ka zare makulli bai mutu ba. Taka burki da ƙarfi, sa babbar giya, saki kuloci, zai mutu. In mai giya da kanta ce, a toshe bakin shaƙar iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da hannu ba, ba da tsumma ba.

L da KD bel ke riƙe da taiminsu, wato daidaituwar motsin bawul da na fiston, GD sarƙa ce. A KD ana canza bel a kilomita 150,000, akwai wutar T-BELT da ke tunatarwa, a tsofaffin L kuwa 100,000 aka saba. Motar da ka saya hannu na biyu ba ka san tarihinta ba, canza kawai, don mitar ana juya ta, wutar ma ana kashe ta ba a canza komai ba. A haɗa da boris ɗin da ke ɗame bel ɗin, a duba ko baƙin mai na ɗiga a kansa. Bel in ya tsinke fiston na dukan bawul. Saboda haka ma ba na son tayar da motar gas da turi ko da ja, fizgar na iya sa bel ya tsallake haƙori.

In an bi duk waɗannan ciwon na nan, to yanzu ne lokacin famfo da nozul, kuma ba a gindin bishiya ba. Tsohon famfon L a kai shi wurin masu na'urar gwaji, inda za a ɗora shi a auna abin da yake bai wa kowace silinda, a gwada feshin kowace nozul a gabanka. Kada ka yarda a murɗa sukurin mai wai don a ƙara ƙarfi, hayaƙi da zafi za ka saya. KD da GD kuma a fara jona kwamfuta, a karanta lambar laifin kafin a goge ta, a duba matsin rel da yadda kwamfutar ke ƙara wa ko rage wa kowace nozul. Sau da yawa a KD, motar da ke mutuwa a silo ko ta rasa ƙarfi wutar cek ta kama, ɗan bawul ɗin SCV ne da ke bayan famfo, mai daidaita man da famfon ke zuƙa, ana canza shi shi kaɗai ba tare da an sauke famfon ba. In ta tabbata nozul ce, a wanke saman inji kafin a kwance, a toshe bakin kowane bututu da aka buɗe, a sa sabbin washa, kuma lambar da ke rubuce a kan kowace sabuwar nozul a shigar da ita kwamfutar motar daidai da silindarta. Ka tsaya a wurin har a gama, ka karɓi tsofaffin kayanka, ka rubuta kilomita da kwanan wata a littafin da ke cikin motar.